Waɗanne ganyayen ƙamshi ne suka fi sauƙin shukawa a gida?

Tambaya: Ina da ɗan fili a bayan ɗaki da tukwane guda biyar, ina so in riƙa shuka ganyayen ƙamshi na girki da na shayi. Na taɓa gwada koriyanda da rosmeri, duka suka mutu, alhali kullum ina ba su ruwa safe da yamma. Waɗanne ne masu sauƙi da ya kamata in fara da su?

Amsa: Malama, kin fara da biyu daga cikin masu wuyar sha'ani, kuma kin yi musu hidima iri ɗaya alhali buƙatarsu ta sha bamban. Rosmeri dai ruwa ne ya kashe shi, wannan kusan babu tantama. Koriyanda kuwa mai yiwuwa wa'adinsa ne ya cika, domin tsiro ne mai gajeren rai, da zafi ya taɓa shi sai ya miƙe ya yi fure, ya ɗaure iri, ya bushe. Don haka kada ki ɗauka ba ki da hannun shuka.

Ganyen da zai yi miki sauƙi shi ne wanda ya dace da wurin da kike da shi, ya kuma dace da yadda kike ban ruwa. Saboda haka kafin ki nemo iri ko dashe, ki fara auna rana. Ki ware yini guda ki lura da inda za ki jera tukwanen, ƙarfe nawa rana take sauka a wurin, ƙarfe nawa inuwa take rufe shi. Mutane da yawa sukan ce wurinsu yana da haske, amma haske daban, rana ta sauka a kan ganye daban. Yawancin ganyayen ƙamshi suna son awa 6 ko fiye na rana kai tsaye. Idan abin da kike samu bai wuce awa 3 zuwa 4 ba, na'a-na'a da fasili (parsley a Turance) da lawashin albasa za su yi haƙuri da hakan, ɗaɗɗoya za ta rayu amma ba za ta cika ba, tayim (thyme a Turance) da rosmeri kuwa ɓata lokaci ne kawai. Inda ake tsananin zafi, ranar safe zuwa azahar ta fi ta yamma amfani, musamman idan akwai bango kusa da ke shan zafi yana mayar wa tukwane. Ƙarancin rana ba ya ɓuya. Tsiron zai zube siriri ya karkata wajen haske, tazarar da ke tsakanin ganye da ganye ta yi nisa, in kin murza ganyen ki ji ƙamshin sama-sama.

Sai batun ruwa. Daga bayaninki, ke mai sakin hannu ce wajen ban ruwa, kuma ba aibu ba ne in an haɗa ki da masu son danshi. Ni na fi ganin a zaɓa wa mutum tsiron da ya yi daidai da halinsa, a kan a ce sai ya sauya hali saboda tsiro. Masu son danshi su ne na'a-na'a, ɗaɗɗoya, lemun giras (ciyawa mai ƙamshin lemun tsami), lawashin albasa da fasili. Masu son ƙasa ta bushe kafin a sake ba su ruwa su ne rosmeri, tayim da oregano. Kada ki haɗa na wannan ɓangare da na wancan a tukunya guda, komai kyan da za su yi a ido, domin ruwan da zai ishi ɗaya shi zai kashe ɗayan.

Ki fara da na'a-na'a. Ba ki buƙatar iri, gara ma kada ki nema, saboda abin da ke fitowa daga irinta ba lallai ne ya yi ƙamshin uwar ba, akwai ma nau'in da ba ya ba da iri mai tsira sam. Ki samo ɗanyen reshe mai lafiya wanda ƙamshinsa ya yi miki, mai tsawon santimita 10 zuwa 12. In kin juya karan tsakanin yatsunki za ki ji yana da kusurwa huɗu, ganyen kuma suna fitowa bibbiyu, suna kallon juna, daga wata 'yar gaɓa. Ta wannan gaɓar saiwa take fita. Ki yanke ƙasa da gaɓa kaɗan, ki zage ganyen ƙasa ki bar huɗu ko shida na sama, ki tsoma a kofin ruwa yadda gaɓa biyu za su nutse amma ganye ko ɗaya bai taɓa ruwan ba, don ganyen da ya jiƙa ruɓewa yake yi ya ɓata ruwan. Ki ajiye inda akwai haske amma rana ba ta dukansa, kina sauya ruwan duk bayan kwana biyu. Cikin mako ɗaya zuwa biyu fararen saiwoyi za su fito. Da sun kai santimita 3 zuwa 5 sai ki dasa, ki bar tukunyar a inuwa kamar kwana uku kafin ki fito da ita rana.

Da wuya ki ga na'a-na'a ta mutu, abin da ake fama da shi mamayarta ce. Tana tura wasu karare ta ƙarƙashin ƙasa da samanta, duk inda gaɓa ta samu danshi sai ta kafa saiwa ta tayar da sabon tsiro. In kin saka ta a fili tare da sauran, kafin shekara ta zagayo ta cinye wurin, kuma tsige ta aiki ne ja, don ko guntun da bai kai yatsa ba ya saura a ƙasa zai sake fitowa. Ki ba ta tukunyarta ita kaɗai, mai faɗi ta fi mai zurfi, ki kuma ɗora tukunyar a kan bulo ko dutse, in ba haka ba ta hujin gindi za ta bi ta sauka ƙasa.

Ta biyu ɗaɗɗoya, ko mai babban ganye da ke girma ta yi itace ta daɗe shekaru, ko mai laushin ganye wadda ke ƙarewa cikin shekara. Dangin na'a-na'a ce, don haka reshenta ma yana yin saiwa a kofin ruwa. Daga iri kuwa tana fitowa cikin kwana 5 zuwa 10 in akwai ɗumi. Irin ƙanana ne ƙwarai, ba a binne su da zurfi, barbaɗawa ake yi a rufe da ƙasa sama-sama, a yayyafa ruwa da hannu don kada ya kwashe su gefe guda. Tana son rana da ɗumi. Sanyi ne ba ta jurewa, in ya sauka ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Salshiyas ganyen kan fara yin baƙi.

Inda masu farawa suka fi yin hasarar ɗaɗɗoya shi ne wajen tsinka. Sukan bi manyan ganyen ƙasa suna cirewa ɗaya bayan ɗaya, su bar kan saboda tausayi, daga ƙarshe a wayi gari da dogon kara tsirara da 'yan ganye a ƙoli, sai kuma fure. Ba haka ake yi ba. Idan tsiron ya kai santimita 15 zuwa 20, ya yi ganye hawa uku ko huɗu, ki sunkuya ki duba hammatar ganyen, wato inda ya haɗu da kara. Za ki ga 'yan toho biyu ƙanana, ɗaya dama ɗaya hagu. Muddin kan yana nan, barci suke yi, saboda kan yana saukar da wani sinadari da ke danne su. Ki sa farce ki datse karan daidai saman tohon nan biyu. Cikin 'yan kwanaki za su farka, reshe ɗaya ya koma biyu. In su ma sun yi hawa biyu ko uku ki sake datsewa, biyu su koma huɗu. Da haka tsiron yake cika ya yi duhu, abin da kika datse kuma shi ne na tukunyar girkinki, babu abin da ya tafi a banza. Duk sanda kika ga kan reshe ya fara tattara 'yan mitsi-mitsin ganye a cunkushe, fure ne ke tafe, ki cire shi tun da wuri. Da zarar ta yi fure ta ɗaure iri, ƙarfinta ya koma can, ganyen ya ƙanƙance, ɗanɗanonsa ya sauya. In iri kike so, reshe ɗaya ko biyu sun isa ki bari. Wannan datsewar haka take aiki ga na'a-na'a da oregano da tayim, sai dai kada ki ɗebi fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsiro a lokaci guda, ki bar masa ganyen da zai ci gaba da rayuwa da su.

Lawashin albasa ba ya buƙatar dogon bayani. Ki yanke na amfani, ki bar gindin da saiwarsa kamar santimita 3, ki soke a ƙasa mai danshi. Kwana ɗaya ko biyu za ki ga kore ya leƙo daga tsakiya. Za ki yi ta yanka yana tohowa, in ya fara sirancewa ki sauya da sabon gindi. Ƙwayar tafarnuwa ma in kin binne ta tsinin yana kallon sama, za ta ba ki ganye mai ƙamshinta ko da ba ta yi kai ba.

In kuma kina son abin da za ki ga sakamakonsa nan da nan, ko akwai yaran da kike so su sa hannu, ga lansir. Yana tsira cikin kwana ɗaya zuwa biyu, a yanke shi da almakashi kafin mako biyu, kuma faranti mai ƙasa santimita 4 ya ishe shi. Ba ya sake tohowa bayan yanka, sai dai a yafa sabo. Hulba ma haka take da sauri, a jiƙa ta kwana, a yafa, ta fito cikin kwana 3 zuwa 5, a fara ɗiban ganyenta a mako na uku ko na huɗu. Dukansu inda aka shuka su nan ake barinsu, ba a dasa su.

Lemun giras, wannan doguwar ciyawar mai ƙamshin lemun tsami, shi ma na masu sakin hannu ne. Hanya mafi sauƙi ita ce ki ɓanɓaro kara biyu ko uku da saiwarsu daga gindin wanda ya riga ya cika ya yaɗu, ki datse ganyen ki dasa. In wanda aka yanko ne kika samu, ki zaɓi mai cikakken gindi, ki tsayar da shi a ruwa kaɗan, zai yi saiwa cikin mako biyu zuwa uku. Yana son rana sosai, yana son ruwa, yana kuma cin taki. Ki ba shi babbar tukunya, mai faɗin santimita 30 zuwa sama, domin yakan wuce mita guda a tsawo. Gefen ganyensa yana da kaifi, yana yanka fata, kada ki ajiye shi inda yara ke gittawa. Inda sanyi ke kaiwa ga ƙanƙara kuwa, sai an shigar da shi ciki.

A ganina, tukwanenki biyar ki raba su haka: ɗaya na'a-na'a, biyu ɗaɗɗoya, mafi girma lemun giras, ɗaya lawashi. In kin yi wata uku suna tsaye, sannan ki ƙara.

Wanda za ki ƙara na farko shi ne fasili. Ba shi da wuya in ya kama, haƙuri yake nema. Irinsa yakan yi mako 3 zuwa 4 a ƙasa kafin ya leƙo, wani lokaci ma fiye, kuma da yawa sun juye tukunyarsu a mako na biyu suna zaton irin ya mutu. Ki jiƙa shi ya kwana, ki kiyaye ƙasar kada ta bushe, ki ba shi tukunya mai zurfin santimita 20 zuwa 25 saboda doguwar saiwarsa. Tsinkarsa ta bambanta da ta ɗaɗɗoya, ana yanke ganyen waje ne daga gindi a bar na tsakiya, don daga tsakiya sabo yake fitowa. A shekararsa ta biyu yake fure ya ƙare.

Koriyanda dangin fasili ne, amma ya fi shi gajen haƙuri. Saiwa ɗaya yake turawa ƙasa, in an taɓa ta wajen dashe sai ya gaggauta yin fure, haka nan in zafi ya matsa masa. Abin da ake shukawa ɗan ƙwanso ne mai ƙwaya biyu a ciki. Ki murza shi a hankali ya rabe biyu, ki jiƙa, ki shuka kai tsaye inda zai zauna, zurfin santimita ɗaya, a lokacin da gari ya yi sanyi-sanyi, a wurin da rana tsaka ba ta dukansa. Idan kika ga kara mai kauri ya taso daga tsakiya, ganyen sama kuma sun yi sirara sun rarrabu, to ya kama hanyar fure, babu datsewar da za ta dawo da shi. Masu samun koriyanda a kai a kai ba tsiro ɗaya suke riƙewa ba, kaɗan-kaɗan suke shukawa duk bayan mako biyu ko uku, wannan yana ƙarewa wancan yana tasowa. Wanda ya yi fure ki bar shi ya ɗaure iri, kin samu na shuka na gaba da na daka.

Rosmeri da tayim da oregano asalinsu ƙasashen gaɓar Bahar Rum ne, tuddai masu duwatsu inda ƙasa ba ta da ƙarfi, ruwa yana zurarewa da sauri, lokacin zafi kuma yakan daɗe babu ruwan sama. Shi ya sa ganyensu ƙanana ne masu tauri, don tattalin ruwa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne saiwa tana numfashi, iskar da take shaƙa kuma tana cikin 'yan ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. In kullum ruwa ya cike ramukan nan, saiwar ta shaƙe, cutar ruɓa ta shige ta. Nan ne yaudarar take, domin tsiron da saiwarsa ta ruɓe yaushi yake yi tamkar mai jin ƙishirwa, tunda ba shi da abin zuƙar ruwan, mai shi kuma ya ga yaushi ya ƙara ruwa. In kin ga ganye ya yi yaushi alhali ƙasa jiƙe take, ki kife tukunyar a tafinki ki zare tsiron ki duba. Lafiyayyar saiwa mai haske ce, mai ƙwari. Ruɓaɓɓiya ta yi duhu, ta yi laushi, in kin ja ta fatar ta saɓule, wani lokaci har da wari. Idan za ki sake gwada su, ki fara da oregano don ya fi haƙuri, sai tayim, rosmeri ya zo ƙarshe. Ki sa su a tukunyar ƙasa wadda ruwa ke tsatsowa ta jikinta, ki gauraya ƙasar da yashi mai tsakuwa kusan rabi da rabi, ki kai su inda rana ta fi ƙarfi, kada ki ba su ruwa sai ƙasar ta bushe. Lokacin da ruwan sama ya yi yawa ki matsar da su ƙarƙashin rumfa. Rosmeri kuwa kada ki wahalar da kanki da irinsa, bai cika fitowa ba, ki nemi dashe.

Tukunya ba sai ta musamman ba. Tsohon bokiti, babban gwangwani, har buhu, duk suna yi, in dai akwai huji huɗu ko biyar a gindi. Ana yawan cewa a zuba tsakuwa a gindin tukunya don ruwa ya tsiyaye. Ban goyi bayan wannan ba. Ruwa ba ya sauka daga ƙasa mai laushi zuwa tsakuwa sai ƙasar ta cika taf, don haka tsakuwar tana ɗago jiƙaƙƙen wurin ne kusa da saiwa, ga shi ta rage wa saiwar wuri. Guntun kasko ko raga a kan hujin ya wadatar don kada ƙasa ta zube. Ga masu son danshi, ki haɗa ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, yashi kashi ɗaya. Ki danƙi jiƙaƙƙen haɗin a hannu, in ya dunƙule amma da kin taɓa shi ya wargaje, ya yi. In ya dunƙule yana sheƙi yana manne wa tafi, laka ta yi yawa, ki ƙara yashi. Baƙar roba tana ɗaukar zafi har ta dafa saiwar da ke jikinta, in ita kike da ita ki naɗe ta da buhu ko ki kare ta da wata tukunyar.

Ban ruwa ba da agogo ake yi ba, da yatsa ne. Ki soka yatsa gaɓa ɗaya zuwa biyu a ƙasar. In kin ji danshi, ki wuce. In kin ji bushewa, ki zuba a gindi, ba a kan ganye ba, har sai ya fito ta huji, da safe ya fi. A tsananin zafi ƙaramar tukunya takan nemi ruwa kullum, a lokacin sanyi kuma wannan tukunyar ta yi kwana uku ba ta nema ba. Idan akwai faranti a ƙarƙashi, ki zubar da abin da ya taru. Ɗaɗɗoya takan sunkuyar da kai da rana tsaka ta miƙe da yamma, wannan ba abin tashin hankali ba ne. Amma in ganyen ƙasa suka fara yin rawaya a jere, ruwa ba ya tsami banza, ki fara tuhumar yawan ban ruwa kafin ki tuhumi rashin taki.

Takin ma da sauƙi. Tafi ɗaya na ruɓaɓɓen taki a saman tukunya sau ɗaya a wata ya ishi masu son danshi. Ɗanyen kashin dabba ko na kaji yana ƙona saiwa, ga shi ganyen nan wasu ɗanye ake cinsu, don haka sai wanda ya ruɓe ya daina wari. Takin zamani in ya yi yawa ganye yakan yi faɗi-faɗi ya yi kore shar amma ƙamshin ya ragu, alhali don ƙamshin aka shuka.

In tsiron da aka riga aka raina a 'yar roba kika samo, ki duba gindinsa. Sau da yawa tsirrai goma ko fiye ne aka cunkusa don ya yi kyan gani, shi ya sa suke mutuwa cikin mako biyu. Ki jiƙa ƙasar, ki zare, ki raba gida uku ko huɗu da hannu, ki dasa kowanne daban.

Ƙwari ba su cika damun waɗannan ganyayen ba, amma ki riƙa ɗaga ganye kina duba bayansa, can darɓa da farin ƙuda suke maƙalewa. In kin gan su tun suna kaɗan, ki wanke su da ruwa mai ɗan ƙarfi ko ki datse reshen. In sun yi yawa, ki dama ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa mara turare a lita ɗaya ta ruwa, ki gwada a ganye biyu tukuna, in bai ƙone su ba ki fesa da yamma, washegari ki ɗauraye. Maganin ƙwari na gona ba shi da gurbi a kan ganyen da za ki tsinka yau ki ci gobe.

Akwai kuma tsufa. Na'a-na'a in ta shekara a tukunya saiwarta takan cika ta maƙil, tsakiya ya mutu, ganye ya ƙanƙance. Ki juye ta, ki yanki ɓangare mai rai daga gefe, ki dasa a sabuwar ƙasa. Lemun giras ma haka ake raba shi in ya matse. Ɗaɗɗoya mai laushin ganye kuwa, da kin ga karanta ya fara tauri yana yin itace, ki yanki reshe biyu ko uku da ba su yi fure ba ki sa a kofin ruwa, kafin tsohuwar ta ƙare sababbin sun isa dashe.